Kayan Yaji: Yadda Ƙamshi Ke Gudu Ya Bar Ɗan Kasuwa Da Buhu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ko babbar kasuwar Maraɗi, ba ya bukatar a nuna masa layin ƴan kayan yaji, domin kuwa hancinsa ne zai kai shi. Tun daga nesa ƙamshin kanumfari da citta ke tarbon mutum, in kuma iska ta biyo ta wajen masu barkono sai atishawa. Jama'a na jin daɗin wannan ƙamshi, amma mu tun da muka fara bin diddigin wannan sana'a, in muka ji shi sai tausayin masu kayan ya kama mu, saboda abin da hancinmu ke shaƙa kyauta a bakin hanya, jarinsu ne yake tashi sama.

Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa, a kanmu ya faru. Ana gobe Sallar Layya muka tsaya wajen wani mai tebur muka sayi garin yaji, ja wur, gwanin sha'awa, muka kai gida. Da aka soya nama aka barbaɗa, sai uwargida ta ce mu ɗanɗana mu gaya mata ko dusa muka sayo. Zafin barkono dai yana nan, amma babu citta, babu masoro, babu kanumfari, kamar ba su taɓa shiga turmin ba. Bayan Salla muka koma wajen mai tebur da niyyar faɗa, sai ya rantse mana cewa shi da kansa ya auna kayan haɗin, bai rage komi ba, kuma mun yarda da shi. Da muka tambaye shi yaushe ya niƙa, sai ya ce tun kafin azumi. Wato garin ya yi wata 3 a cikin buɗaɗɗen kwano, ƙarƙashin rumfar langa-langa, a tsakiyar bazara. Bawan Allah bai yi algus ba, amma ya sayar mana da abin da ya riga ya mutu, kuma da muka ɗauko maganar a shirinmu na rediyo, wayar da aka yi ta bugowa ta nuna mana ba mu kaɗai ba ne.

To mene ne ainihin abin da ke faruwa? Ƙamshin da ke cikin kanumfari da citta da kimba da masoro, wani mai ne siriri da ke ɓoye cikin jikinsu, wanda ba kamar man gyaɗa yake ba, shi tashi yake yi ya bi iska kamar turare. A cikin kanumfari mai kyau wannan mai yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa ya fi sauran ƙarfi. Muddin ƙwayar tana nan ɗungurungum, ɓawonta na tsare man. Ranar da aka daka ta ko aka kai ta inji, an fasa rumbun ke nan, kuma daga wannan rana lissafi ya fara. Zafi na gaggauta tashinsa, iska na kwashe shi, hasken rana na cinye launi, danshi kuma ya kawo hunhuna. Mai karatu ya dubi rumfarsa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa, ya faɗa wa kansa gaskiya wane ne daga cikin waɗannan bai samu gurbi a ciki ba. Citta ko kanumfari da ba a daka ba, in an adana su da kyau, suna iya shekara ɗaya har biyu da ƙarfinsu. Gari kuwa, a irin zafinmu, in ya wuce ƴan makonni a buɗe sai dai a yi haƙuri.

Mu fara daga saye, tunda abin da aka sayo matacce babu ajiyar da za ta tashe shi.

Kanumfari ba a ƙasashenmu ake noma shi ba. Daga tsibiran Zanzibar da Pemba yake zuwa, da Madagaska, da Indunisiya wadda ta fi kowa nomansa, ko da yake ita mafi yawan nata a cikin taba sigari take ƙone shi. Kafin ya sauka tashar jirgin ruwa ya hau mota ya iso mu, ya bi hannu da yawa, kuma a cikin hannuwan nan akwai masu tatse man su sayar daban, sannan su cakuɗa sauran busasshen da mai kyau. Ido ba ya saurin ganewa, amma farce yana ganewa. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka danna farcenka a jikin sandarta: in mai ya ɗan fito ya jiƙa wurin, kaya ne. In ta karye ƙaras kamar tsinke, ba komi a ciki. Wata dabarar ita ce ka zuba ƴan ƙwayoyi cikin kofin ruwa. Mai kyau yakan nutse ko ya tsaya a tsaye, kai sama, wanda aka tatse kuma ya kwanta a kan ruwa yana yawo. A kuma duba kawunan, domin buhun da rabinsa sanduna ne marasa kai, ba kuɗin kanumfari ya kamata a biya ba. Kada a yarda da samfurin da dillali ya miƙo a tafin hannunsa. A zura hannu har tsakiyar buhu, a kuma sa a kwance na biyu da na uku.

Citta ita ce muke ganin ta fi cin jarin mutanenmu, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Mafi yawan busasshiyar citta mai yatsu da ke kasuwanninmu daga kudancin jahar Kaduna take fitowa, wajejen Kaciya da Kafancan da Kagarko da ƙasar Jaba, inda ake haƙe ta bayan ɗaukewar ruwa, a tsaga ta biyu a shanya ta cikin iskar hunturu. Mutanen sana'ar ba za su manta da 2023 ba, shekarar da wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin citta a can ta halaka mafi yawan amfanin, kuɗin buhu ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. A irin wannan lokaci ne ake fito da duk wani tsohon kwantai da ke ƙuryar sito, a kakkaɓe shi a haɗa da sabuwa. Alamar tsohuwar citta ba ta ɓuya ga mai lura: ƴan ƙananan huji a jikinta kamar an soka allura, da gari mai laushi a gindin buhu, wanda ba komi ba ne illa abin da ƙwari suka ci suka bari. In ka karya ta ka shinshina ka ji ƙamshin sai ka nema, to bar ta.

Sai kuma maganar ruwa. Wani manomin saboda matsuwa yakan ɗure ta a buhu kafin ta gama bushewa, wani mai sarin kuma, Allah ya shirye shi, yayyafa mata ruwa yake yi don ta yi nauyi. Busasshiyar citta in an karya ta ƙara take yi, mai danshi kuwa lanƙwashewa take yi tukuna. Ga lissafi, don kada a ɗauka abin wasa ne. Mu ɗauka ka sayi buhu mai kilo 50 wanda ruwan jikin cittar ya kai kashi 20 cikin 100. In ta gama bushewa a hannunka ruwan ya sauko kashi 10, abin da zai rage maka kilo 44 ne da ɗan ɗoriya. A buhu 20 ka yi hasarar abin da ya fi buhu 2, bayan ka biya musu kuɗin mota da na lodi da na duwan. Wannan ma in ta bushe lafiya ke nan ba ta yi hunhuna ba.

Masoro da kimba daga ƙasashen kurmi suke zuwa, kuma ba su da rigima sosai. Masoro na gaske yana da ɗan wutsiya, a tauna ɗaya a ji. Kimba kuma a duba kada ta yi fari-fari a jiki, a karya a ji ƙamshin yana nan.

Tattasai namu ne na gida. Tun shekaru da dama manoman bakin kogin Komadugu a jahar Difa suka shahara da shi, kuma mafi yawansa Nijeriya yake ƙetarawa. A 2015, sakamakon rikicin Boko Haram, hukuma ta hana cinikinsa a jahar, sai a ƙarshen 2017 aka ɗage hanin. Shi tattasai ba don zafi ake sayensa ba, don launi ne da ɗan zaƙinsa, kuma launin nan rana ce babbar abokiyar gabarsa. Abin mamaki, ranar da ta busar da shi ita ce kuma ke kashe shi in an bar shi a cikinta bayan ya bushe. Buhun da ya yi mako biyu a bakin rumfa, gefen da ke kallon rana zai koma ruwan ƙasa-ƙasa, mai saye kuma da wannan gefen zai yi maka ciniki. Wajen saye a girgiza a ji ƴaƴan na kaɗawa a ciki, sannan a fasa guda 5 ko 6 daga wurare daban-daban a leƙa cikinsu. Sau da yawa bayan yana sheƙi, cikin kuwa ya yi baƙi ko ya yi wani farin gashi kamar auduga.

Wannan baƙi da farin gashi ba maganar ɗanɗano kaɗai ba ce, kuma a nan muke roƙon ƴan'uwa su saurare mu da kyau. Wani nau'in hunhuna da ke kama gyaɗa da masara da barkono da citta yana barin guba da masana ke kira afalatoksin, wadda ba a ganinta, ba a jin ɗanɗanonta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Hanta take ci sannu a hankali, har takan kai ga sankarar hanta. Al'adar da muka sani a kasuwa ita ce, in tattasai ko barkono ya fara lalacewa sai a ce a kai inji, ai in ya zama gari ba mai ganewa. Gaskiya ne ba mai ganewa. Amma garin nan shi ne ake ƙullawa na dala biyar-biyar da goma-goma, talaka ya saya, mai jego ta sha a kunu da romo kwana arba'in, kuma ba mamaki ƙullin ya zagayo ya shiga tukunyar gidan mai kayan. A tsince wanda ya lalace a zubar, ko da rai bai so.

Tunda mun zo kan gari, mai sarin garin barkono daga hannun da bai sani ba yana sayen abin da ke cikin duhu ne. Ana ƙara masa dusa, ana ƙara jar ƙasa, ana zuba kala. Ba a nan kaɗai ba: a 2005 a Ingila sai da aka janye kayan abinci sama da iri 400 daga kantuna, saboda an gano garin barkonon da aka yi amfani da shi yana ɗauke da wani jan rini mai suna Sudan, wanda asalinsa na man goge takalmi ne da makamantansu. Gwajin kofin ruwa yana taimakawa. In ka barbaɗa garin a kan ruwa ka ga jan zare yana gangarawa ƙasa nan take, an sa kala, in kuma ka motsa ka tsiyaye ka ji tsakuwa-tsakuwa a gindin kofi, an sa ƙasa. Sai dai mu faɗi gaskiya, irin wancan rini na Sudan ba ya narkewa a ruwa, don haka kofi ba zai tona shi ba. Abin da ya fi shi ne mutum ya sayi ɗanyen kayansa ya kai inji da kansa, ya tsaya a kai. Ya kuma tabbata an share injin, don wanda aka gama niƙa dawa ko kanwa a cikinsa zai ba ka kyautar da ba ka roƙa ba. Injin da ya yi zafi ma yana ƙona ƙamshi, shi ya sa masu kilishi da tsire da suka san hannunsu har yanzu wasunsu turmi suka fi yarda da shi wajen kanumfari da masoro.

Yanzu kaya sun iso mangaza. Abu na farko, buhu ba ya kwana a ƙasa, ko da siminti ne, domin siminti na tsotso danshi daga ƙasa ya miƙa wa buhu, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A jera katako ko itace a ɗora a kai, a bar tazara tsakanin buhu da bango yadda mutum zai iya zura hannu, kada kuma a cika tsibi har ya taɓa rufin kwano, inda zafi ya fi taruwa da rana, raɓa kuma ke ɗiga da asuba. Ɗakin ƙasa mai rufin azara da kakanninmu ke ajiya a ciki ya fi shagon kwano sanyi nesa ba kusa ba, kuma wanda yake da irinsa a gida, gara ya bar babban kaya a can ya riƙa ɗebo na ciniki kaɗan-kaɗan. A ƴan shekarun nan Sallar Layya a bakin damana take faɗowa, a 2024 da 2025 duk cikin watan Yuni aka yi ta, wato lokacin da aka fi neman yaji shi ne lokacin da iska ta fara ɗaukar laima. Wanda ya niƙa da yawa don Salla ya yi kwantai, ragowar za ta dunƙule kafin a yi girbin gero.

Mu ƴan bakin iyaka muna da wata matsalar da ta fi ta kowa, ita ce jira. Mun ga yadda Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, mun kuma ga rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda ba a buɗe tsakaninmu da Nijeriya ba sai Maris na 2024. Motoci sun yi makonni a tsaye da kaya a ƙarƙashin tamfol, rana ta dafa su, dare ya yi musu gumi. Ko ba a rufe iyaka ba, kwana 3 a layin duwan cikin watan Agusta ya isa ya canza buhu. Saboda haka duk kayan da suka sauka daga mota, kada a wuce da su ƙurya kai tsaye. A kwance, a baza a kan tabarma ko tamfol mai tsabta su sha iska, a tsince, sannan a mayar. Ban da shanya a kan kwalta ko a ƙasa tsirara inda awaki ke bi.

A nan ne kuma za mu yi wata magana da muka san ba za ta yi wa wasu direbobi daɗi ba. Kayan yaji kamar yadda suke ba da ƙamshi haka suke ɗaukar wari. Buhun citta da ya yi tafiya kusa da jarkar fetur ko kananzir, ko aka jingina shi da katan ɗin sabulu ko buhun taki, ya tafi ke nan, kuma babu shanyar da ke fitar da warin fetur. Mai kaya ya tsaya a ga yadda aka yi lodi, ko da zai ƙara wa yaran mota wani abu. Haka a cikin rumfa, kada a haɗa kanumfari da ganyen shayi ko kuka a wuri guda a buɗe, don kanumfari ba ya zama da kowa sai ya shafa masa halinsa.

Game da ƙwari, mun san abin da ake yi, kuma ba za mu yi kamar ba mu sani ba. Ana yayyafa fiya-fiya a jikin buhu, wani ma har cikin kayan. Sinadarin da ke cikin irin wannan magani shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Wake ma ana wanke shi a dafa, ina ga yajin da ake barbaɗawa a kan tsire a ci nan take? Akwai hanyar da ba ta bukatar guba, kuma a nan gida aka gwada ta. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun daga 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, an yi shi ne don wake, amma hikimarsa ɗaya ce: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Jarka mai murfi ko durom da ba a taɓa zuba mai a ciki ba su ma suna wannan aiki, kuma suna tsare ƙamshi. Sharaɗi ɗaya ne, kuma mai tsanani: sai kayan sun bushe ƙayau. Wanda ya rufe citta mai danshi a leda, ya gina wa hunhuna ɗaki ne.

Ba kowane kaya ke son rufi ba. Tafarnuwa, irin wadda ke gangarowa daga lambunan Abzin, rai gare ta, numfashi take yi, in an toshe ta a leda sai ta ruɓe ko ta tsiro. Ita sai rataya ko buhun raga, a inuwa mai iska. Daddawa kuma, ko ta kalwa ko ta batso, a tabbata ta bushe sosai kafin a tara ta, a riƙa fito da ita tana shan rana lokaci-lokaci, a kuma raba ta da sauran kaya saboda dalilin da kowa ya sani.

Ganyaye su ne suka fi saurin mutuwa. Kuka da lalo da na'ana'a da ɗoɗɗoya da gabu, duk wanda aka shanya a inuwa yakan riƙe korensa da ƙamshinsa, wanda aka baza a tsakar rana kuwa ya koma kalar ciyawar bara. Matan da ke sayen kuka sun san wannan sarai, kore suke nema, kuma da gaskiyarsu. In za a sari na'ana'a ko ɗoɗɗoya a murza kaɗan a tafin hannu a shinshina, kuma a bar su ganye-ganye, kada a murtsuke sai za a sayar.

Saura ƙulle-ƙullen leda da ake ratayewa a gaban tebur kamar carbi. Mun san talla ce, in ba a gani ba ba a saya. Amma farar leda siririya ba ta tare haske, ba ta kuma tare ƙamshi, ga ta a rana tun safe har la'asar. Shawararmu ita ce a rataye kaɗan don ido, sauran a zuba su cikin gwangwani ko bokiti mai murfi a ƙarƙashin tebur, in mai saye ya zo a ɗauko masa daga ciki. A niƙa abin da zai ƙare cikin mako biyu, ko da zuwa inji zai yawaita. A samu alli ko gawayi a rubuta ranar da kowane buhu ya shigo, a fara sayar da na farko kafin na baya, kada a juye sabo a kan tsoho a kwano ɗaya.

Wani lokacin kuma laifin ba na mai tebur ba ne, a gida ake kashe yajin, sannan a dawo a ce nasa ba ya da kyau. Don haka in Hajiya ta zo saye, ba laifi a gaya mata ta zuba a kwalba ko gwangwanin madara mai murfi, ta nisanta shi da murhu, kada ta sa jiƙaƙƙen cokali a ciki, kada kuma ta riƙa kaɗa kwalbar a kan tukunya tana tururi. Shi mai teburin namu na Layya, da muka sake bi ta wajensa kwanan baya, mun tarar ya samo bokitai 4 masu murfi ya jera a ƙarƙashin tebur, kwanon samfur ɗaya kawai ya bari a sama. Mun sayi citta da masoro da kanumfari ba a daka ba, muka kai gida, uwargida ta sa yara suka fito da turmi.